Buhun da Ƙwari Suka Ƙi

A shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa, har mai tallan goro yana neman rediyon da zai rataya a kafaɗa, wani kamfanin Turawa ya zo shimfiɗa kwalta ta gefen Sheme. Suka kewaye fili da waya, suka jibge motocin da ba a taɓa ganin irinsu ba, suka ce suna neman maigadi. Samari ba su so ba, don gadi aikin zama ne, su kuwa Kaduna da Legas suke hange. Sai aka nuna wa Turawan Malam Gide, aka ce ga wanda ba shi da abin da zai ja shi gida.

Gaskiya aka faɗa, ko da yake ba a faɗe ta da tausayi ba. Matarsa Barakatu ta rasu tun shekarar fari. 'Yarsa guda, Lauratu, tana aure a Sabuwa. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu da zaure. Matar maƙwabcinsa Malam Rabo ce ke tuƙa masa tuwo, shi yana ba da hatsi, da magariba kuma Rabo ya ɗauko akushi su ci tare a zauren Gide da wasu dattawa biyu. Iyakar hulɗarsa da duniya ke nan. Dogon mutum ne marar yawan magana, in ka gaishe shi zai amsa daidai gwargwado, ba ragi ba ƙari.

Shugaban aikin wani jan Bature ne da rana ta sa a gaba, kuma yana da kare. Ba irin namu na farauta ba masu haƙarƙari a waje. Wannan ƙato ne mai gashi, baƙi da ruwan ƙasa, kunnuwa a tsaye. Abin da ya fi girmansa ba mutane mamaki shi ne abincinsa. A buhu yake zuwa daga ƙasar Turawa, buhun takarda mai kauri da hoton kare a jiki, cikinsa wasu 'yan dunƙule-dunƙule busassu kamar ƙananan ƙuli-ƙuli, masu ƙarnin nama da mai. Mutanen da 'yan shekaru baya suka tona gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi, yau ga su tsaye ana sauke wa kare abinci daga mota. An yi dariya, an yi tsaki, an yi salati, wasu sun haɗa duka ukun.

Baturen mai yawan tafiya ne, don haka ciyar da karen ya faɗo kan maigadi. Gide zai ɗebo da gwangwani, ya zuba a kwanon silba, ya girgiza. Da jin wannan ƙarar, ko karen yana ƙarshen fili sai ka gan shi a guje. Sunan da Bature ya sa masa ya ƙi zama a harshen Gide, sai ya riƙa ce masa Baƙo. Da farko da sanda yake tura masa kwanon. Daga baya ya daina neman sandar. Kafin kwalta ta wuce gari, in Gide ya zauna kan bencinsa Baƙo na kwance a gefen ƙafarsa, kuma leburori sun sha jin maigadin da ba ya magana yana ba kare labarin farashin taki.

Da bazara aiki ya ƙare. Ranar da ake kwashe kaya, Mani kukun Bature ya zo ya yi tafinta.

"Baba, Bature ya ce gida za shi, kuma ba ya iya tahiya da karen. Ya ce ban da shi, kai kaɗai karen ya yarda da kai."

"In kai shi ina?"

"Gida mana."

"Ni da ko akuya ban da?"

Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce a'a ba. Da la'asar motar kamfani ta sauke shi a ƙofar gida, shi da kare da kwanon silba da 'yan buhunan abinci, da wani tsohon baro da aka ce ya riƙe.

Unguwa ta ɗauka. Aka kai maganar gaban liman, liman ya ce karen tsaro babu laifi in dai akwai abin tsarewa. Rabo ya ce, "Mi za ya tsare? Rumbun da ko rabi bai kai ba?" A daren farko dattawa suka zo cin tuwo, Baƙo ya leƙo zaure ya shinshina buzun ɗayansu, shi ke nan. Washegari aka mai da ciyayya ƙofar gidan Rabo. Ba a kori Gide ba, an ce ya zo, amma shi kaɗai. Ya gwada. Ya ɗaure karen ya fito, karen ya yi ta kuka irin wanda ba a saba ji ba, mai ja kamar na mutum, har ya bar tuwon ya koma gida. Daga ranar Hajaratu matar Rabo ta koma miƙo masa tuwo ta kan katanga. Lauratu ma ta aiko daga Sabuwa cewa mijinta ya ce ba za a kawo yara gidan da kare ke kwana ba.

Ka ce ya yi asara, amma shi bai ga haka ba. Shekaru yana shiga gida ba abin da ke motsi don ya shigo. Yanzu tun daga lungu yake jin ana buga jela a jikin ƙyaure. Da safe su tafi gona tare, karen ya kwanta a inuwar kanya yana haki, don gashinsa ba na ƙasar nan ba ne. Gide ya riƙa ɗaukar gora biyu, ɗaya tasa ɗaya ta Baƙo. Yana son karen nan, kuma ya san yana son sa, abin da bai iya faɗa ba ke nan ko da an sa masa wuƙa.

Damina ta sauka, ta yi ƙarfi. Komai na gidan ya fara nuna alama. Ƙwari suka shiga sauran geron rumbu, daddawa ta yi gashi, har takalmin fatarsa na sallar Juma'a ya yi fari-fari a ƙarƙashin gado. Wata safiya Rabo ya leƙo ta katanga neman aron magirbi, ya tarar Gide na ɗiban abincin kare daga buhun da ke rataye a rumfa.

"Wanga buhu tun yaushe yake buɗe?"

"Ya kwan biyu."

"Kuma bai yi komi ba? Ba ƙwaro, ba hunhuna?"

"Babu."

Rabo ya girgiza kai. "Ni dai abin da ƙwaro ya ƙi ci, ban ba dabbata. Ƙwaro ba wawa ba ne."

Ya faɗa ne kawai irin na mai son a ce ya faɗi wani abu, ya karɓi magirbi ya tafi. Bai san inda maganar ta sauka ba.

Bayan shekarar fari, da damina ta matso, gwamnati ta raba irin shuka. Dawa ce da aka turbuɗe da wani jan garin maganin ƙwari. Malamin gona ya bi unguwa-unguwa yana cewa ta shuka ce ba ta ci ba, ko an wanke maganin ba ya fita. To, yunwa ba ta halarci taron ba. Gidaje da yawa suka wanke da ruwan toka, suka yi ta sakewa har ruwan ya daina ja, suka daka suka tuƙa. Wasu sun yi amai da jiri, amma sun tashi. Barakatu kuwa rijiyar unguwarsu ta ƙafe, ruwan tulu ɗaya gare ta, Gide ya tafi Ƙanƙara neman ƙodago. Ta ɗauraye sama-sama ta dafa. Da ya dawo ya tarar an riga an kai ta. A ƙarƙashin gadonta ya sami ƙwarya da ɗan gero mai kyau, wanda ta ɓoye don ranar dawowarsa. Ragowar jar dawar nan ta shekara biyu a kusurwar rumbu, ko ƙwaro ɗaya bai kusance ta ba, har ya haƙa rami ya binne ta.

Tun daga lokacin magana ɗaya ce ta zauna masa a ƙirji: da an wanke sosai. Malamin gona ya ce wanki ba ya fid da shi, amma Gide ya ga waɗanda suka wanke suna yawo a kasuwa, ya kuma san inda wadda ba ta sami ruwa ba take kwance.

Ya tsaya da gwangwani a hannu, Baƙo na tsalle a gabansa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa. Cikinta fes, kamar jiya aka yi ta.

Ran kasuwar Sheme ya yago gefen tsohon buhu inda rubutu yake, ya nufi kara, wurin da ake cinikin shanu. Akwai wani malamin dabbobi, Sanusi, matashi da ya yi karatu a Zariya, yana zuwa daga Faskari a kan babur yana yi wa shanu allura. Gide ya jira har ya sami sarari, ya miƙa masa takardar.

Sanusi ya karanta yana motsa baki. "Akwai magani ciki, Baba. Ga sunayensu nan, ni kaina harshena karyewa yake. Ana sa su don kada man da ke ciki ya lalace, abin ya daɗe bai ɓaci ba."

"Guba ne?"

"Su Turawan ma ba su gama gardama ba. Wani malaminmu ya ce akwai masu cewa in dabba ta daɗe tana ci, shekara da shekaru, shina taɓa hanta. Akwai kuma masu cewa ɗan kaɗan ne, ba ya komi. Ni ban sani ba, ba ni yi maka ƙarya."

"To in yi yaya?"

"Ka riƙa haɗa mashi da tuwo sannu-sannu har ya saba da namu. Buhun kau ka bar shi wuri busasshe."

Wani Bafulatani ya ja hannun Sanusi zuwa wurin bijiminsa, magana ta ƙare a nan. Yaron ya faɗi gaskiya iyakar saninsa, kuma shawararsa mai kyau ce. Amma mutum ba ya jin magana da kunne kaɗai, yana jin ta da abin da ya taɓa samunsa. Gide ya koma gida da kalma biyu, magani da hanta.

Sannu-sannun nan bai iya ta ba. Ta yaya zai ɗebi abin da yake zargi da hannunsa ya zuba wa mai buga masa jela? Ya ɗaure bakin buhu, ya raba tuwonsa biyu ya zuba rabi a kwanon silba. Baƙo ya shinshina miyar kuka, ya ɗaga kai ya dube shi, ya koma ƙarƙashin buhu ya kwanta. Gide ya gwada fura, ya gwada ɗumame da man shanu, ya roƙo ƙashi da tumbi wurin mahauta. Karen ya ɗan taɓa tumbin, cikinsa ya ɓaci. Tun yana ɗan kwikwiyo bai san wani abinci ba sai na buhu. Kwanaki suka tafi, gashinsa ya fara zuba, ƙashin bayansa ya fito. Ya daina bin Gide gona. In Gide ya dawo, jelar na bugawa, amma daga kwance.

Ga abinci rataye, ga mai jin yunwa a ƙarƙashinsa, ga shi kuma a tsakiya. Gide ya taɓa zuwa wannan wuri a rayuwarsa, sai dai wancan karon ba ya gida. Wannan karon yana nan, kuma rijiya cike take.

A tsakiyar marka aka wayi gari da rana tarwai. Bai je gona ba. Ya karɓo toka wurin Hajaratu ta kan katanga, ya tace ruwanta, ya jawo ruwa har kafaɗarsa ta yi tsami. Ya juye ragowar buhun da ke buɗe a babbar ƙwarya ya fara wanki. Maiƙo ya taso, ruwan ya rine ya yi ja-ja, launin nan da ya sani na jar dawa. Ya zubar can bayan gida inda kaji ba sa zuwa, ya sake sabo. Ya yi ta sakewa. Duk ruwan da Barakatu ba ta samu ba, ranar nan ya zuba shi. Da ruwan ya fara fita fari ya ji wani sanyi a ransa wanda ya daɗe bai ji ba, sai ya farke buhu na biyu ya wanke shi ma. Na ƙarshe ne ya tsira, don toka ta ƙare, ya bar shi rataye da bakinsa a ɗinke.

'Yan dunƙulen sun kumbura sun yi laushi. Ya matse su, ya mulmula, ya baje a tabarma kan rumfa. Bai manta da maganar Sanusi ta wuri busasshe ba. Amma wanke hatsi a shanya ba sabon abu ba ne, kowace mace a Sheme tana yi. Abin da bai lissafa ba shi ne ranar marka ba ta da alkawari. Kafin azahar hadari ya haɗo, ya kwashe. Washegari ya baje, yayyafi ya sauko, ya kwashe. Haka dai har bayansu ya yi tauri, ya taɓa ya ji sun bushe, ya zuba a tsohuwar randar Barakatu ya rufe da faifai.

Ya zuba a kwano ya girgiza. Ƙarar ba ta kai ta da ba, amma Baƙo ya miƙe. Ya cinye tas, ya lashe kwanon har yana tura shi da hanci zuwa bakin katanga. Gide ya tsuguna yana kallo, yana dariya shi kaɗai.

Makonnin da suka biyo su ne mafi daɗi da ya yi tun shekarar fari. Karen ya murmure, ya koma bin sa gona. Wata rana Gide ya ga tururuwa sun yi layi daga gindin randa, kowace da ɗan ɓarɓashi a ka. Mutumin da ba ya kiran kowa ya leƙa katanga da kansa.

"Malam Rabo! Zo ka gani."

Rabo ya leƙo ya duba. "To, yanzu kam ya zama abinci."

Da ya buɗe randa wata safiya ya ga wani farin gashi-gashi ya rufe na sama, na ƙasa kuma sun yi kore-kore suna warin ɗaki rufaffe, bai tsorata ba. Murna ma ya yi. Ga shi nan yana lalacewa kamar kowane abincin kirki, kamar daddawa, kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu. Ya goge da tafin hannu, ya ɗan nuna wa rana, ya zuba a kwano. Haka ya riƙa yi kullum.

Gero ya fara fid da kai lokacin da Baƙo ya bar rabin kwano. Washegari bai taɓa ba. Sai amai, sai kwanciya, sai shan ruwa ba ƙoshi. Gide ya ce ko maganin bai gama fita ba ne, ya yi ta zargin kansa da ƙarancin toka. Ya jiƙa masa saiwar da ake ba awaki, ya ɗura masa, ta dawo. Da ran kasuwa ya zagayo karen ba ya iya tsayuwa.

Ya nemi aron jaki, masu jaki duk suka ce jakinsu na da aiki. Sai ya shimfiɗa buhu a baron kamfani, ya rungumi karen ya ɗora, ya zuba 'yan dunƙulen randa a aljihu don a gani. Ya hau kwaltar da Bature ya shimfiɗa yana turawa, manyan motoci na wuce shi da iska, 'yan kasuwa a kan kekuna na waiwaye suna dariya. Dattijo da furfura yana tura kare a baro kamar mai kai amarya. Ya ji dariyar, bai ɗaga kai ba.

Sanusi ya bar saniyar da yake dubawa ya zo. Ya ɗaga fatar idon karen, ya buɗe bakinsa ya duba dasashi. Duk sun yi rawaya.

"Hanta ce," in ji shi.

Gide ya gyaɗa kai. "Na sani. Maganin nan ne. Na wanke shi iyakar ƙarhina, ashe bai hita ba."

"Ka wanke mi?"

Gide ya zaro daga aljihu ya miƙa. Sanusi ya karɓa, ya fasa ɗaya da farce. Cikinta kore shar, danshi har yanzu bai bar ta ba. Ya kai hanci, ya kawar da kai. Da ya san yadda zai yi ya haɗiye maganar, da ya haɗiye.

"Baba, tun yaushe yake cin wanga?"

"Tun marka."

"Wagga hunhuna ita ce mai kama gyaɗa in ta sha danshi. Na ga ta kashe kaji garke guda. Hanta take ci. Bushewar abincin nan da maganin da ke ciki, su ke tsare shi daga irin wanga."

Hayaniyar kara na nan yadda take, dillalai na tafa hannu, shanu na kuka. Gide ya riƙe hannun baro da kyau.

"Hwaɗa mani gaskiya, ɗana. Wanne ne cikin biyun?"

"Maganin Turawa, na ce maka ban sani ba, har gobe ban sani ba. Wata ƙila da ya yi mashi illa nan da shekaru, wata ƙila da bai yi ba." Ya dubi abin da ke tafin hannunsa. "Wanga kau na sani."

Ya yi wa karen allura, don dai kada dattijo ya koma hannu biyu, ya ƙi karɓar ko kwabo.

A hanyar komawa suka bi ta tsohon filin kamfani, inda ba abin da ya rage sai waya da tabon baƙin mai a ƙasa. Gide yana ta yi wa karen magana, yana ce masa an kusa gida, yana ce masa gero ya yi kyau bana. Bai san daidai inda ya fara magana shi kaɗai ba. Sai da ya tsaya a ƙofar gida ya sa hannu zai ɗauke shi ya ji jikin ya saki.

Ba a cewa kare ya rasu, mutuwa ake cewa. Ba a kuma binne shi, igiya ake ɗaura masa a ƙafa a ja shi bayan gari a bar wa ungulu. Gide ya juya baron ya nufi gona. Ya haƙa rami a gindin kanya, mai zurfi, don kada kuraye su tone. Da ya gama mai da ƙasa ya tsaya, ya rasa abin da ake faɗa, don babu abin da aka tanada. Ya ce, "To, Baƙo." Ya ɗauki magirbinsa. Abin da ke randa kuwa ya ƙone shi, ya fasa randar.

Kafin mako ya zagayo Rabo ya ɗauko akushi ya dawo zaure, dattawa suka biyo shi. Ba wanda ya yi masa gaisuwa, don wa ke ta'aziyyar kare? Aka yi hirar taki da ta sabuwar kwalta, aka ce masa ya ci tuwo mana. Lauratu ta zo daga Sabuwa da yara, ta share gashin da ya maƙale a kusurwoyi, ta goge kwanon silba da yashi ta kife a kan rumfa.

"Baba, yanzu gida ya yi kyau," in ji ta.

"Ya yi," in ji shi.

Ta kwana biyu ta koma. Zaurensa cike da mutane kowace magariba, kuma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba. In ya dawo daga gona yakan rage tafiya a lungu, kunnensa na jiran ƙyaure, sannan ya tuna.

Buhun ƙarshe na nan rataye a rumfa. Ya rasa yadda zai yi da shi. Bai iya zubarwa ba, don har yanzu bai san ko guba ba ne, kada dabbar wani ta ci. Bai kuma iya ƙonawa ba, don in ya wuce kusa da shi warin bakin Baƙo yake ji. Rani ya wuce, wata daminar ta zo, takalminsa ya sake yin fari-fari, buhun ko gezau.

Igiyar ce ta gaji. Wani hantsi yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, ta tsinke, buhun ya faɗo ya fashe, 'yan dunƙulen suka watsu a tsakar gida, busassu, masu ƙyalli, kamar ranar da aka sauke su daga mota. Kajin Rabo, waɗanda tun da kare ya tafi suka mai da gidan nasu, suka shigo ta magudanar ruwa a guje. Gide ya ɗaga hannu zai kore su. Hannun ya tsaya a sama. A hankali ya sauke shi.

Suka ci har maƙoƙonsu ya yi tsini. Akwai wata kaza wake-wake, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, ita ta fi kowa haɗama. Washegari suka dawo, ya bar su. Bai share ba sai da suka tsince tas.

Daga nan ya shiga gadin da ya fi na kamfani wuya. Kowace safiya yakan leƙa ta katanga ya duba kajin maƙwabcinsa, ya nemi wake-waken nan da ido, ya ga ko ta yi sanyi, ko ta saki fiffike, ko ta ware gefe. Ya san abin da yake fata, ya san ba kyau, yakan yi istigfari ya sake leƙawa. Kaza ɗaya kawai yake nema ta faɗi. Da ta faɗi, da ya biya Rabo kuɗinta har da ƙari, ya je gindin kanya ya zauna da abin da zai faɗa.

Wata safiya ya duba bai gan ta ba. Washegari ma haka. Ya kasa cin tuwo, ya kasa tambaya, ga wani abu a ransa mai kama da murna wanda yake jin kunyarsa. Ya yi makonni a haka.

Ranar da aka fara yankan gero, yana zaune a bakin rumfa da kwanon silba a kife kusa da shi, ya ji motsi a magudanar ruwa. Wake-wake ce ta kutso kai, ta yi ƙiba, tana ƙyarƙyara, 'yan tsaki na biye da ita a jere. Ta ja su kai tsaye zuwa inda buhun ya fashe, ta fara tona musu ƙasa.

Rabo ya leƙo ta katanga yana murmushi. "Ka gan ta nan, ashe kwanci ta yi bayan rumbu. Ko ɗaya bai lalace ba. Mi ka ba ta haka, Malam Gide?"